Rusunawar Kiɗa a Gaban Magana: Darasi Daga Wani Shago a Fagge

Gabatarwa

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ko da yake baki aka nufa da wannan karin magana, kunne ma bai tsira daga hukuncinta ba, domin in kiɗa da magana suka taso lokaci guda, da ƙarfi guda, to lalle ne ɗaya ya danne ɗaya, kuma galibi maganar ce kan sha kashi. Saboda haka ne ma'aikatan sauti suka ƙago dabarar sassauta kiɗa duk sa'ad da murya ta shigo. A yau kwamfuta ce ke yin wannan aiki da kanta: da zarar mutum ya buɗe baki a gaban makirufo sai ta rage ƙarar abin da ke tashi a bayansa, in ya yi shiru ta mayar da ita yadda take. Turawa suna kiran dabarar da wata kalma mai ma'anar sunkuyar da kai. A cikin wannan maƙala za a kira ta rusunawa, gama abin da yaro mai ladabi kan yi ke nan in babba ya iso.

Abin da maƙalar ke son nuna wa mai karatu shi ne, inji ƙarfin murya kaɗai yake aunawa, bai san nauyin kalma ba, alhali kuwa Hausa ta ɗora ma'anoni masu nauyi a kan 'yan gaɓoɓi ƙanana. Za a bi batun ta hanyar labarin wani saurayi mai ɗaukar sauti a Fagge da kawunsa, tsohon ma'aikacin gidan rediyo.

Unguwannin da ba su san shiru ba

Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar Kano, inda fatake daga arewa kan sauke raƙumansu, ana kuwa danganta kafuwarsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Sabon Gari, maƙwabcinsa, ya samu ne wajen 1913, bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Duk unguwannin biyu wuraren baƙi ne da ciniki, inda kowa ke ɗaga murya don a ji hajarsa.

Injunan sauti ma a nan suka fara samun masauki. An buɗe siliman Rex a Sabon Gari a 1937, daga baya Fagge ta sami tata, watau Plaza. A 1944 aka soma kafa lasifikokin rediyo mai waya a wuraren taruwar jama'a a Kano. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar fina-finan Hausa ta bunƙasa, shagunan da ke wajen Bata suka zama matattarar dillalan kaset. Ga Kantin Kwari a Fagge da hayaniyar masu atamfa, ga kasuwar Sabon Gari da masu sayar da kayan lantarki, kowanne ya ƙure lasifikarsa don ya nuna lafiyarta. A kan wannan kuma sai a ƙara ihun 'yan adaidaita-sahu da kukan janareta. Duk wanda ya ce zai ɗauki murya tsab a irin wannan wuri, to ya ɗauko Dala ba gammo.

Rusunawa kafin zuwan inji

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rusunar da kiɗa baƙon abu ne ga Bahaushe. Wanda ya taɓa tsayawa a filin biki ya ga yadda makaɗa kan sassauta hannu in sanƙira ya miƙe zai faɗi kyautar da aka yi, domin in ba a ji sunan mai kyauta da adadin abin da ya bayar ba, gobe ba zai sake ba. Haka 'yan amshi kan ja baya in jagora ya shigo da sabon ɗango. Makaɗan kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da masu kotson Musa Ɗanƙwairo, ba su da wani ma'auni a gabansu in ban da kunne da sabo. Ɗan Maraya Jos, da yake shi ne mai waƙa kuma shi ne mai kuntigi, hannunsa da bakinsa zuciya ɗaya suke wa biyayya.

Abin lura a nan shi ne, makaɗi ya san Hausa. Kalangu ma kansa karin sautin harshen yake kwaikwayo. Makaɗi kan ga mawaƙi ya ja numfashi, ya san magana na tafe, sai ya sassauta tun kafin kalmar farko ta fito. Ya kuma san inda jimla za ta dire, ba ya ɗaga kiɗa sai ta dire. Haka nan mai shago a Fagge kan kai hannu ga rediyonsa in ya hango dattijo ya doso, ko ya kashe ta gaba ɗaya in ladan ya soma kiran salla. A duk waɗannan misalai, sanin wanda ya cancanci a saurara ne ke motsa hannu.

Saurayi da kawunsa

Saurayin da ake zance yana da ɗan shago a wani lungu na Fagge, faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Ya manna soson katifa a bango, ya sayo makirufo da lasifika a Sabon Gari, ya sami kwamfuta ta hannu wadda ta sha jiki. Sana'arsa ita ce ɗaukar tallace-tallace da sanarwa: masu makarantun kuɗi, masu sayar da turare, masu gayyatar ɗaurin aure, da masu maganin gargajiya waɗanda kan ɗora lasifika a kan mota su zaga kasuwanni. Kowa ya zo kiɗa yake so a ƙarƙashin maganarsa, domin a ganinsu talla ba kiɗa miya ce ba gishiri.

Kawun nasa ya yi shekaru masu yawa a ɗakin sauti na wani gidan rediyo, a zamanin faifai da tef mai zare. Aikinsa a lokacin shi ne ya zuba wa mai gabatar da shiri ido ta cikin gilashi, hannunsa a kan maɓallin ƙara, in ya ga mutumin ya ɗaga kai daga takarda sai ya ja kiɗa ƙasa. Bayan ya yi ritaya yakan biyo ta shagon da la'asar, ya zauna a kan benci yana kallon ikon Allah. Saurayin ya sha nuna masa cewa abin da ya tsufa yana yi da yatsu, yanzu kwamfuta na yinsa ba gajiya ba kuskure, tsohon kuwa sai ya yi murmushi ya ce zamani riga ne.

Yadda injin ke aiki

Ya kamata a ɗan tsaya a bayyana aikin, domin a cikinsa matsalar take. Rusunawar kwamfuta iri uku ce. Ta farko ita ce wadda kamfanin Microsoft ya sa a cikin Windows 7 a 2009: in kwamfuta ta lura an soma kiran waya ta cikinta, sai ta rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100, ko kashi 50, ko ta kashe su duka, gwargwadon zaɓin mai ita. Wannan ba ta bin kalma, tana danne kiɗa ne tun daga farkon kira har ƙarshensa.

Ta biyu ita ce ta nan take, irin wadda ake samu a manhajar OBS Studio da masu watsa shiri kai tsaye ke amfani da ita. A nan ana ɗaura kiɗa a jikin makirufo, inji ya riƙa sauraron ƙarfin abin da ke shigowa. Abubuwa huɗu ake saita masa. Akwai dokin ƙofa, watau iyakar ƙarfin da in murya ta haye shi za a ce an soma magana. Akwai zurfin rusunawa, wanda ake aunawa da desibel. Ragin desibel 10 kunne kan ji shi kamar an raba ƙara biyu. Akwai saurin sauka, sa'an nan akwai jinkirin tashi, watau lokacin da kiɗa zai ɗauka kafin ya komo bayan murya ta faɗo ƙasa da dokin ƙofa.

Ta uku ita ce ta bayan ɗauka, kamar wadda ke cikin manhajar Audacity. Da yake an riga an ɗauki muryar, inji na iya leƙa gaba ya ga inda magana za ta fara. Saitin da manhajar ke zuwa da shi shi ne ragin desibel 12, da rabin daƙiƙa na sauka kafin murya, da rabin daƙiƙa na tashi bayanta.

Saurayin ta biyu yake amfani da ita, saboda sauri: mai talla ya yi magana sau ɗaya, kiɗa na bi, a zuba masa a waya ya biya ya tafi. Amma akwai abin da lungun nasa ya tilasta masa. In ya sa dokin ƙofa ƙasa, kukan janaretan maƙwabci ko hon ɗin adaidaita-sahu kan haye shi, sai kiɗa ya yi ta rusuna wa abin da ba mutum ba. Don haka ya ɗaga dokin ƙofar sama sosai, yadda sai murya mai ƙarfi ce za ta motsa injin.

Ranar mai magani

Wata rana wani mai maganin gargajiya ya zo ɗaukar tallar maganin basir. Mutum ne mai tsoron Allah a sana'arsa, domin bayan ya gama zayyana amfanin maganin da farashinsa, sai ya ɗan dakata, ya sassauta murya kamar yadda mai nasiha kan yi, ya ce: “Kada mai juna biyu ta sha. Kar a ba yaro ƙarami.” Aka gama, saurayin ya saurara da abin sawa a kunne, ya ce aiki ya yi kyau.

Tsohon, wanda bai tanka ba tun da aka fara, ya ce, “Ɗan nan, cire wannan abu daga kunnenka. Fitar da lasifikar nan bakin titi ka kunna mana.”

Saurayin ya ce, “Kawu, ai na ji komai ya fita.”

Ya ce, “Kai ka ji, don ka san abin da aka faɗa. Kirawo mini wancan mai lemon, shi da ba ya nan aka yi.”

Aka kirawo mai lemo, aka kunna masa sau ɗaya, aka tambaye shi me ya ji a ƙarshe. Ya ce ya ji an ce mai juna biyu ta sha, a kuma ba yaro ƙarami. Mai magani ya dafe kai yana salati.

Abin da ya faru shi ne, a ɗan dakatawar da mutumin ya yi kiɗa ya komo da ƙarfinsa. Da ya ce “kada” cikin tattausar murya, kalmar ba ta kai dokin ƙofa ba, inji bai san an soma magana ba, sai da ya kai “mai juna biyu” sa'an nan kiɗa ya sauka. Ko da ma kalmar ta haye, masana ji sun tabbatar da cewa ƙara mai ƙarfi kan bar kunne a dishe na ɗan lokaci bayan ta wuce, har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wannan kuwa ya kusa tsawon gaɓa guda. A cikin abin kunne, a ɗaki rufe, ana iya tsinto kalmar. A bakin titin Fagge kuwa ta nutse.

Inda nahawu ya shigo

A nan ne batun ya zama na ɗaliban Hausa. Harshen nan yakan ajiye korewa da hani a gefen jimla, daidai wuraren da rusunawar inji ta fi rauni. A duba wannan misali: “Ba za a rufe kasuwa gobe ba.” Harafin korewa na farko gaɓa ce guda, gajeriya, mai karin sauti ƙasa, ita ce kuma ke fara cin karo da kiɗan da bai gama sauka ba. Na biyu yana can ƙarshe, inda muryar Bahaushe ta riga ta gangaro, gama karin sauti a jimlar bayani saukowa yake yi daki-daki tun daga farko, numfashi kuma ya ƙare. In murya ta faɗo ƙasa da dokin ƙofa a nan, kiɗa zai taso ya binne shi. Abin da ya saura shi ne “za a rufe kasuwa gobe”, jimla cikakkiya, ba tabo a jikinta, kishiyar abin da aka faɗa.

Hani ya fi wannan haɗari, domin shi ba ya da na biyu da zai cece shi. In aka cire “kada” ko “kar”, abin da ya rage umurni ne sak: “kar a sha” ya koma “a sha”. Daɗin daɗawa, lokutan aikatau na Hausa sun dogara ga ɗan wakilin suna da ke gabansa. Abin da rubutu ke nunawa da “ya tafi” baki na iya faɗinsa da dogon wasali, ma'ana tafiyar ta auku, ko da gajeren wasali mai sauti ƙasa, ma'ana ana so ya tafi. Tsawon wasali da karin sauti ne kaɗai suka raba su, kiɗa kuwa, musamman mai fiyano da ganga, a cikin wannan fili yake wasa.

Har ila yau akwai batun kunne. Masanin nan na Ingila, Colin Cherry, ya yi bincike a 1953 a kan yadda mutum kan tsamo murya ɗaya daga cikin taro mai surutu, kuma sanin kowa ne a wannan fanni cewa bambancin inda sautuka ke fitowa na taimaka wa kunnuwa biyu wajen rarrabe su. A filin biki makaɗi na gefe guda, sanƙira na wani gefen. A lasifikar da ke kan motar mai magani kuwa, murya da kiɗa ta rami ɗaya suke fitowa, kunne ba ya da madafa sai tazarar ƙarfi da aka bari a tsakaninsu. Shi ya sa ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ba da shawara a 2008 cewa sautin baya ya kasance ƙasa da magana da aƙalla desibel 20, domin masu raunin ji. Kasuwar Sabon Gari da tsakar rana kuwa kowa takan mayar mai raunin ji.

Gyaran da aka yi

Tsohon bai ce a jefar da kwamfuta ba. Cewa ya yi a koya mata abin da makaɗi ya sani, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka. Aka sake zaunar da mai magani, aka matso da makirufo kusa da bakinsa kamar taƙi guda, don muryarsa ta rinjayi ta titi, ta haka aka sami damar sauko da dokin ƙofa. Aka roƙi maƙwabci ya kashe janareta na minti goma. Aka ɗauki murya ita kaɗai ba kiɗa, daga baya aka ɗora kiɗan da rusunawar bayan ɗauka, yadda zai soma sauka rabin daƙiƙa kafin baki ya buɗe, kada kuma ya taso sai jimla ta dire ta huta. Aka zurfafa ragin ya wuce desibel 12 ɗin da manhajar ta zo da shi.

Da aka iso wurin gargaɗin, tsohon ya ce, “Nan kam ba rusunawa ba, kashe shi za ka yi.”

Saurayin ya ce, “Kawu, inji ba zai san nan daban yake ba.”

Ya ce, “To ai shi ya sa kake zaune a nan.”

Saurayin ya yanke kiɗan da hannunsa a wannan gurbi, jimlolin biyu suka fito su kaɗai cikin shiru. Aka sake kiran mai lemo, a wannan karo ya maimaita su daidai. Aikin da a da ke cin minti biyar ya ci kusan awa guda, kuɗin kuwa bai ƙaru ba. Wannan ita ce ainihin tsaka mai wuyar da ke gaban mai irin wannan shago: sauri ne ke ciyar da shi, amma natsuwa ce ke tsare masa amana. Tun daga ranar ya ɗauki al'adar gwada kowace sanarwa a bakin titi, a kunnen wanda bai san abin da ke ciki ba, kafin ya miƙa ta.

Kammalawa

Matsalar ba ta tsaya a shago ɗaya ba. Fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa, wadda ta zama babbar sana'a a Kano, ita ma kan buƙaci a danne sautin asali a duk inda muryar Hausa za ta shiga, haka masu karanta labarai da masu koyarwa ta intanet da ke sa kiɗa a bayan maganarsu. Manhajojin da suke amfani da su ba a ƙera su da Hausa a zuciya ba, ba kuwa laifin maƙeransu ba ne, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗaliban wannan sashe sukan karanta tsarin sauti da ginin jimla kamar abin da amfaninsa ya ƙare a ɗakin jarrabawa. Ga shi kuwa a Fagge da Sabon Gari akwai matasa da yawa da ke sarrafa muryar Hausa kullum, ba wanda ya taɓa gaya musu inda harshen ya ɓoye korewarsa, ko dalilin da ƙarshen jimla ke buƙatar a jira shi. Wanda ya san nahawu ne zai iya gaya wa mai inji tsawon lokacin da kiɗa zai yi yana rusune, da jimlar da ba ta son kiɗa ko kaɗan. Zai yi kyau a sami ɗalibin da zai ɗauki wannan a matsayin kundin digirinsa, ya tara tallace-tallacen da ake kunnawa a kasuwannin Kano, ya gwada su a kunnen jama'a, ya ƙidaya gaɓoɓin da suka fi ɓacewa. Magana zarar bunu ce, wadda ta fita ta lasifika kuwa ta fi wuyar mayarwa, gama mai juna biyun da ta ji rabin gargaɗi a bakin kasuwa ba za ta komo ta nemi a maimaita mata ba.